Duwatsu Shida a Kan Murfi

Hantsi bai gama ɗagawa ba labari ya zaga unguwa cewa an tsinci Malam Shida kwance a bayan gidansa, tsakanin akwatunan zumarsa, ƙeya a fashe, rai ya yi halinsa. Autarsa ce ta fara ganin sa. Kafin 'yan sanda su gama sa gawar a mota zuwa asibiti, mutane sun riga sun yanke hukunci da bakinsu, domin a gefen kwanon da ƙudan zuma ke shan ruwa, inda ƙasa ke da danshi, ga sawun ƙafa nan ɓaro-ɓaro, ba takalmi, yatsu shida. Mutum ɗaya Allah ya yi wa irin wannan ƙafa a unguwar, wato Cindo, dattijon da ke yi wa Malam aikin ƙarfi. Matasa suka finciko shi daga ƙofar gidansa da kofin shayi a hannu. Da ƙyar mai unguwa ya ƙwace shi, ya kulle shi a shagonsa na siminti, ya ce ba mai taɓa shi sai motar 'yan sanda ta dawo da yamma.

Bari in gaya muku ko wane ne Malam Shida, don in ba ku san shi ba, abin da ya biyo baya ba zai zauna muku ba. Tsohon malamin lissafi ne da ya yi ritaya ya koma kiwon zuma. Ɗalibansa ne suka laƙaba masa sunan, shi kuwa ya karɓa hannu bibbiyu. Mutumin kirki ne, amma in ya tare ka a hanya, to ka haƙura da inda za ka. Zai ce maka ɗaya da biyu da uku in ka tara su shida ne, in ka ninka su ma shida ne, shi ya sa masanan dā suka kira ta cikakkiyar lamba. Ya zaro murafen lemo daga aljihu, ya ajiye ɗaya a tsakiya, ya ce ka kewaye shi da 'yan'uwansa. Shida za su zauna cif, na bakwai ba shi da wuri. Ya nuna maka ɗakunan saƙar zuma, kowanne kusurwa shida, ya nuna maka kan noti a tayar mota. Ya ce ƙanƙarar nan mai sauka kamar auduga a ƙasashen sanyi ma reshe shida take yi, ko da yake a hoto kawai ya san ta. Duk ƙwaro ƙafa shida gare shi, gizo-gizo kuwa takwas, don haka a wurin Malam gizo-gizo bare ne, ba ya cikin dangi. In ka ce sauri kake yi, ya ce minti sittin ɗin da kake tsoron ɓatawa ai shida ne sau goma. In ka fake da addini don ka kuɓuta, ya tambaye ka cikin kwana nawa aka halicci sammai da ƙasa.

Sai kuma Allah ya ba shi 'ya'ya shida. Biyar suka girma suka watse wuraren aiki. Auta ce, tela, ta dawo gida da 'yarta ƙarama bayan mijinta ya rasu, ita ce kuma ta ɗauki nauyin tsohon lokacin da ƙwaƙwalwarsa ta fara zubar da abubuwa. Sunayen jikoki suka tafi, hanyar kasuwa ta tafi. Shida kaɗai ta rage, ita da ƙudan zuma.

Matar Cindo ce ta je ta durƙusa a ƙofar Mai Sawu. Wannan bawan Allah ya yi ƙuruciyarsa yana bin sawun dabbobin da aka sace, yanzu ido ya fara gajiya, gwiwa ma haka. Abokin Malam ne tun suna samari, kuma ba kunnen da ya sha zancen shida kamar nasa. Matar ba ta yi dogon bayani ba. Ta ce in aka sa mijinta a motar nan, ta san ba zai dawo ba. Mai Sawu ya ɗauki sandarsa.

Shagon siminti duhu ne, ƙura na shaƙe maƙogwaro. Cindo na zaune a kan buhu, leɓe a kumbure, ya cusa ƙafarsa ta dama ƙarƙashin ta hagu kamar yadda ya saba. Bai musa ba cewa sun yi faɗa da Malam jiya da la'asar. A kan duwatsu ne. Kowane akwati Malam yana danne murfinsa da duwatsu shida saboda iska, kuma dole a jera su yadda yake so: ɗaya a gaba, biyu a bayansa, uku a bayansu. Cindo kuwa zubewa kawai yake yi, shi a wurinsa dutse dutse ne. Jiya Malam ya zage shi a kan haka a gaban wasu baƙi, sannan don ya burge su ya ce Cindo ya miƙo ƙafa su ƙirga.

"Shekara da shekaru yana nuna ƙafata kamar abin kallo a kasuwa," in ji Cindo. "Ina da jikoki fa, Mai Sawu. Na ce masa wata rana shidan nan ita za ta ga bayansa. Na faɗa, kowa ya ji. Amma na zuba wa ƙudan ruwa, na tafi gida, ban sake taka wurin ba."

Mai Sawu ya tambaye shi ko da gaske bai iya jerin duwatsun ba. Cindo ya yi wata dariya mai ɗaci, ya ce bai iya ba, kuma bai taɓa son ya iya ba.

Daga nan sai gidan burodi, wanda katanga ɗaya ta raba shi da bayan gidan Malam. Kowa ya san Mai Burodi ya sha rantsuwa sai ya cinna wa akwatunan wuta, saboda ƙudan ba sa barin buhunan sukarinsa su huta. Mai Sawu ya same shi yana zaro tire daga tanda, gumi har gwiwar hannu. Ya ce ai ya san za a zo kansa, mai babban baki ba ya rasa baƙi. Ya nuna ƙafafunsa, gari ya yi musu fari fat har idon sawu, ya ce in da ya tsallaka katangar nan da makaho ma ya bi shi. Mai Sawu ya duba katangar sama da ƙasa. Ba gari, ba gurzuwa.

Amma bakin Mai Burodi ya yi amfani. Ya ce da gari ya fara haske ya ji muryar Malam ta bayan katanga yana gaida akwatunansa ɗaya bayan ɗaya kamar kullum, daga baya ƙarar injin kwaɓa fulawa ta rufe komai. Ya ƙara da cewa shi ba ya zagin mamaci, amma ƙudan nan ko jikar gidan ba su ƙyale ba. Kwanan baya shi ya ɗauki yarinyar a motar burodi zuwa asibiti, harbi ɗaya tak, fuska ta kumbura har ido ya ɓace, numfashi yana fita kamar ta bakin kwalba. Likita ya ce jininta ba ya shiri da dafin, in aka sake, a shirya haƙuri.

Mai Sawu ya ji wannan magana, ya ajiye ta can gefe. Ni dai ina ganin bai so ya kalle ta ba ne.

A cikin gida ya tarar da Yaya, babban ɗan Malam, wanda ya taso daga garin da yake aiki da jin labari. Yana tsaye tsakar gida da waya a kunne, yana sanar da ƙannensa, yana rantsuwa Cindo ba zai sake shan iskar waje ba. Auta na ɗakinta a gaban keken ɗinki, ba ta ɗinka komai. Tagogin ɗakin duk an lulluɓe su da raga, gefen ƙofa an cusa tsummoki, yarinyar na kan tabarma tana wasa da murafen lemon kakanta. Mai Sawu shi ya riƙa goya Auta a wuya tana ƙarama, Baba take ce masa. Ta gaishe shi ba ta ɗago ba. Ta ce ta fito ne ta kai wa Malam ruwan zafi, ta gan shi kwance. Ya tambaye ta tun yaushe yarinya ba ta fita tsakar gida ba. Ta ce tun da suka dawo daga asibiti. Yaya ya leƙo ta ƙofa ya ce ai shi ya ba da shawarar, lokacin da Auta ta yi ta damun su a waya wai a kwashe akwatunan. Tsoho ba abin da ya rage masa a duniya sai su, ina amfanin a karya masa zuciya? A riƙa rufe yarinya a ɗaki mana.

Auta ta murɗa keken da hannu, allura ta sauka ta hau a kan iska.

Bayan gida ya sha tattaki. 'Yan sanda, maƙwabta, 'yan kallo, kowa ya bar takalminsa a rubuce. Sawun Auta na ko'ina, amma ai gidansu ne, kuma ita ta tsinci gawar. Mai Sawu ya tsuguna da ƙyar a gaban sawun yatsu shidan, wanda wani mai hankali ya kife wa kwando. Ya sunkuya har gemunsa ya kusa taɓa ƙasa. Sai ya ga wani siririn zane kamar ɗinkin hannu ya ratsa ta kan dudduge, ya hau ta kan ɗan yatsan na shida, ya wuce. Sawun buzuzu ne, irin wanda ba ya fita sai rana ta faɗi, ba ya kuma kaiwa wayewar gari. Ƙwaron ya bi ta kan sawun, ke nan sawun ya riga shi zuwa. Sai Mai Sawu ya tuna yadda Malam kan ce masu ƙafa shida ba su iya ƙarya ba, shi kuwa ya riƙa ce masa ya rufa masa asiri da wannan zance. Ya share ido da hannun riga.

Ya kira mai unguwa da Yaya ya nuna musu. Sawun na jiya ne, Malam kuwa an ji muryarsa yau da safe. Mai unguwa ya gyaɗa kai, amma Yaya ya ce wannan ya nuna Cindo ya zo jiya, bai nuna bai dawo yau da takalmi ba. Matasan da ke leƙe ta kan katanga suka ce ƙwarai kuwa. Mai unguwa ya ja Mai Sawu gefe ya faɗa masa gaskiya: buzuzu ba zai je kotu ba. In ba wani aka samu ba, Cindo ne zai shiga mota.

Suka bar shi shi kaɗai. Akwatunan shida sun kewaye kututturen wata tsohuwar bishiya, kowanne da murfinsa, kowane murfi da duwatsunsa a jere, ɗaya, biyu, uku. Shi ya sa ba wanda ya kula da su, komai na nan yadda Malam ke barin sa. Mai Sawu ya bi su yana kara kunne. Biyar suna ta gunji. Na kusa da inda aka tsinci gawar shiru. A bakin ƙofarsa matattun ƙuda ne tuli, ga wani wari na maganin feshin sauro yana fitowa ta tsagar katako. Wani ya buɗe akwatin nan yau, ya fesa, ya mayar da murfi.

Ya fara ɗaga duwatsun ɗaya bayan ɗaya. Na gaba, wanda ke zaune shi kaɗai, da ya juya shi sai ga jini a ƙasansa, ya bushe, da silin furfura manne. Dutsen nan a ƙasa yake lokacin da Malam ya faɗi. Bayan ya faɗi ne wani ya ɗauke shi ya mayar kan murfi, ya jera shi tare da sauran, ɗaya, biyu, uku. Ɓarawo ba ya gyara wuri. Mai jin haushi ba ya jeri. Wannan hannu ne da aka koya wa tun bai san ana koya masa ba.

Mai Sawu ya zauna a kan kututturen, dutsen a cinyarsa. Ya daɗe. Akwai rijiya a gidan, kuma ba na ce bai kalle ta ba. Dutse in ya faɗa rijiya, shi ke nan. Amma ta kan katanga yana jin kukan matar Cindo can ƙofar shagon siminti, ba da ƙarfi ba, irin kukan wanda ya gaji. Ya mayar da dutsen yadda ya same shi, ya tashi.

Da rana ta karkata ya sa mai unguwa ya tara su a bayan gida: Yaya, Mai Burodi, Cindo da igiya a hannu, da Auta. Aka kori matasa, aka ja ƙofa. Mai Sawu bai tuhumi kowa ba. Ya kwashe duwatsun akwatin da ya mutu ya zube su a ƙasa, mai jinin yana kife, ya ce yana so kowa ya zo ya danne murfin nan kamar yadda zai yi in iska ta taso.

Mai Burodi ya ce wannan kuma wane irin wasan yara ne, ya kwaso su ya tara a tsakiya kamar curin ƙulli. Aka sauke. Aka kwance wa Cindo hannu, ya watsa su ko ta ina, ɗaya ma ya gangaro ƙasa. Aka sauke. Yaya ya ce shi dai kowa ya san ba ya gari, ya ƙi taɓawa. Amma yana kallon duwatsun sai ya ja da baya, domin shi ma a gidan nan ya tashi, ya san abin da ake tambaya.

Saura Auta. Ta dubi duwatsun, ta dubi Mai Sawu. Ta gane sarai, kuma ba abin da zai hana ta zube su yadda Cindo ya yi.

"Baba," ta ce, "ka san dai yarinyar nan ba ta da kowa sai ni."

"Na sani, 'yar nan," in ji shi. "Shi ma wancan iyalinsa ba su da kowa sai shi."

Ta juya ta kalli Cindo, da kumburarren leɓensa da ƙafar da yake ƙoƙarin ɓoyewa a cikin ƙasa. Sai ta tsuguna. Ta ɗauki uku ta jera a baya. Ta ɗauki biyu ta sa a gabansu. Na ƙarshen ta san shi ba sai ta duba ba. Ta ɗora shi a gaba shi kaɗai, ta juya shi jinin ya kalli sama.

Yaya ya sulale ya zauna a ƙasa da fararen kayansa.

Ba ta yi kuka ba da take faɗa. Ta ce jiya ƙuda ɗaya ya shigo ɗakin ta wata 'yar ɓula a ragar, ya sauka a kan matashin yarinyar. Ta kashe shi, amma ba ta runtsa ba. Da gari ya waye ta jira Malam ya gama gaida akwatunansa ya shiga ciki, ta ɗauko maganin feshi, ta sauke duwatsun akwatin farko, ta ɗaga murfi ta fesa. Ashe ya dawo. Ya riƙe mata hannu yana ihu, yana kiran ta ɓarauniya, bai ma gane ta ba. Ta fizge hannunta. Fizgewa kawai ta yi. Ya tafi da baya ya faɗa kan duwatsun. Ƙudan da suka rage suka taso suka yi kansa, ita kuwa ba abin da ya zo mata sai kada su harbe shi, ta mayar da murfi da sauri ta danne. Ba ta san ta jera su ba. Sai da ta gama ta taɓa shi ta ji ba numfashi. Da aka kama Cindo ta buɗe baki za ta yi magana, sai ta ji yarinyar na kiran ta daga ɗaki.

"Na kira ku," ta ce wa Yaya, murya ƙasa-ƙasa. "Duk ku biyar ɗin na kira."

Yaya ya sunkuyar da kai.

Motar 'yan sanda ta zo kamar yadda aka yi alkawari, ta tafi da wanda ba a zata ba. Cindo ya fita ta tsakiyar matasan da suka fasa masa baki, ba wanda ya iya haɗa ido da shi, ba kuma wanda ya ba shi haƙuri. Bai ƙara wata guda a unguwar ba suka kwashe kayansu. Mai Burodi da kansa ya nemo masu kiwon zuma daga wani wuri suka ɗauke akwatuna biyar ɗin, aikin da bai ci rabin yini ba.

Kafin Mai Sawu ya bar gidan a ranar, ya tsaya a ƙofar ɗakin nan mai raga. Yarinyar na nan kan tabarma, ta sa murfin lemo ɗaya a tsakiya ta kewaye shi da sauran. Ta ce Umma ta ce kada ta fito sai ta dawo. Ta tambaye shi kwana nawa Umma za ta yi.

"Shida ne ko?" in ji ta. "Kaka ya ce komai a shida yake cika."

Ya ja mata ƙofar a hankali, ya gyara tsummokaran da ke gefe, ko da yake ya san ko an kwashe ƙudan gobe ba wanda zai tuna ya cire su.